Gorunan da Nazifi Ya Ɓoye a Ƙarƙashin Gado

Na daɗe ina cewa ba zan rubuta labarin nan ba, don duk sanda na tuna wasu wurare a cikinsa sai bakina ya yi ɗaci. Amma kwanan baya a masallacin unguwarmu na ji wani yana cika baki wai ya samo wa ɗan 'yar'uwarsa aikin jirgin ruwa, ana ta yi masa barka kamar yaron ya ci zaɓe. Sai na ce gara in rubuta. Wanda ya karanta ya san abin da kan biyo mutum gida daga teku, ya kuma san irin ɓarnar da mu 'yan dubiya muke yi wa marar lafiya da hannunmu, muna murmushi muna cewa sannu.

Sunana Sabi'u, mutumin Gumel, na haura shekara goma a Riyad. Wayit nake ja, wato tankar nan mai kai ruwa gidaje da wuraren gini. A Ulaisha nake zaune, ɗaki biyu da ɗan falo, ni da abokin aikina Isuhu, mutumin Maraɗi. Wanda na yi jinya ƙanena ne, Nazifi, uwa ɗaya uba ɗaya.

Yaron nan kafin ya baro gida bai taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin bayan makarantarmu girma ba, amma shi Allah ya rubuta wa aikin teku. Kawu Mamuda ne ya samo masa. Kawu ɗan'uwan mahaifiyarmu ne, ya daɗe a ƙasar nan har faɗa ma da Larabci ya fi yi masa daɗi, kuma shi ne mai hanya a cikinmu, duk mai neman biza ƙofarsa yake bugawa. Ya san mandub ɗin wani kamfanin jirage a Dammam, wato wakilin da ke yi musu zirga-zirgar takardu. Ta nan aka yi wa Nazifi iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, aka sa shi mataimakin kuku a wani jirgin dakon kaya. Ya hau da alkawarin bayan wata shida za a sauke shi ya je ya ga matarsa Rahama, wadda ya baro da ƙaramin ciki.

Sai korona ta zo. Aka rufe tashoshi, aka ce babu mai sauka babu mai hawa. Da farko yakan aiko mini da saƙon murya yana tsokanata, wai ni direban ruwa ne shi kuma mai ruwan gaba ɗaya. Daga baya saƙon ya koma "lafiya lau Yaya" kawai, can kuma ya ɗauke ɗif. Na kira mandub ɗin nan har na haddace waƙar da ke wayarsa, amsarsa ɗaya ce, bukura in sha Allahu, wato sai gobe. Goben nan ta ci fiye da shekara ɗaya da rabi.

Ranar da aka ce in zo in ɗauke shi, na ari motar wani na tafi Dammam. A bakin titi na same shi, wajen ƙofar tasha, zaune a kan jakarsa cikin rana, babu ko mutum ɗaya daga kamfanin da ya tsaya tare da shi. Sun ajiye shi kamar kayan da aka fasa saye. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, leɓensa duk ya tsage. Na rungume shi ina kuka, shi kuwa hannuwansa na rataye. Maganar farko da ya yi mini bayan wannan rabuwa ita ce, "Yaya, akwai ruwa a motar?" Da na ɗaga jakarsa na ji nauyi kamar duwatsu. Na zuge, babu tufafi sai kala biyu, sauran duk gorunan roba ne cike da ruwa.

Makon farko na ɗauka gajiya ce. Ba ya barci, ba ya magana sai an tambaye shi, kuma in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya sai ya zabura ya miƙe tsaye yana waige-waige. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwa. Duk gorar da muka shanye muka yar sai ya tsince ta, ya cika a famfo, ya tura ƙarƙashin gado, kuma ba ya cika ɗaya, kullum bibbiyu. In zai sha, a murfin gorar yake zubawa ya kurɓa. Wanka kuwa ya ƙi sam. Ba zan ɓoye ba, ɗakin ya fara wari, ni da kaina nakan riƙe numfashi in zan shiga. Wata safiya Isuhu yana goge baki ya bar famfo na zuba, sai ga Nazifi ya fito a guje ya damƙe masa hannu har sai da shatin yatsu ya fito. Isuhu bai yi fushi ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Sabi'u, yaron ga ba shi da lahiya. Ba ta jiki ba, ta cikin kai. Mu kai shi likita tun da sauran dama."

Mako na biyu muka fara yawon asibiti, kuma nan na fara sanin irin kamfanin da ƙanena ya yi wa bauta. Inshorarsa ta ƙare tun yana kan ruwa, ba su sabunta ba. Ga shi a lokacin ba ka shiga ko'ina sai manhajar korona da ke wayarka ta nuna kore, shi kuwa ba a yi masa rigakafi ba, wa zai yi wa wanda ke tsakiyar teku allura? Mai gadi ya kalli wayar ya ce mamnu'i, wato an hana, ko fuskarmu bai kalla ba. Sai da muka yi kwanaki muna bin layin allura kafin mu samu damar bin layin likita. Da muka shiga, aka ɗebi jini, aka auna nan aka auna can, likitan ya ce komai lafiya, ya rubuta maganin ƙarin jini. Na ce masa yaron nan ba ya barci, ba ya wanka, yana tara ruwa. Ya ɗaga kafaɗa ya tura mu sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, su kuma suka ba mu ranar ganin likita can gaba, kusan wata biyu. Na fito da takarda a hannu da aljihu marar nauyi, shi kuma Nazifi yana bayana rungume da gorarsa.

Kafin nan labari ya zaga. Ranar Juma'a bayan an sauko, falonmu ya cika taf da 'yan dubiya. Ina gode musu da tattakin, wasu tun daga unguwar Suwaidi suka taso, wani ya kawo lemo, wani dabino. Amma wallahi ban taɓa ganin dubiya mai tayar da zuciya irin wannan ba. Suka sa yaron a tsakiya suna magana a kansa kamar ba ya wurin. Wannan ya ce habbatus sauda, wancan ya ce hayaƙi, wani ya ce ai maƙwabcinsu ma haka ya fara kafin ya shiga kasuwa tsirara. A gabansa fa. Wani marar kunya har ya ɗaga waya zai ɗauki hotonsa, sai da Isuhu ya buge hannun.

Ana cikin haka Kawu Mamuda ya shiga ɗaki zai yi nafila, ƙafarsa ta taɓa gora. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado, ya fito yana tafa hannu.

"Shi ke nan, halas, na gano! Ku zo ku gani. 'Yan ruwa ne suka biyo shi."

Aka yi cincirindo a bakin ƙofa ana salati. Nan take kowa ya zama masani. Ai mutumin da ya kwana a kan teku shekara da shekaru dole ne. Ai su ne ke sa shi tara musu ruwa, a ciki suke kwana. Ai shi ya sa ba ya wanka, kishi suke yi. Babu wanda ya juya ya tambayi Nazifi don me yake tarawa, alhali ga shi nan zaune a kusurwa, ya cusa kai tsakanin gwiwoyi.

Da aka watse Kawu ya riƙe ni a matakala, ya rage murya.

"Sabi'u, na ji an ce ka kai shi wajen likitan mahaukata. Kada ka kuskura. In aka rubuta masa taɓin hankali aikin nan ya tafi har abada. Wannan aikin mako guda ne, a yi masa ruƙiya a kore su, ya koma bakin aikinsa. Mandub ya ce gurbinsa na nan."

"Kawu, yaron da ko barci ba ya yi kuke maganar komawa?"

"Kai yaro ne. Ka san irin wahalar da na sha kafin in samo gurbin nan? Da wane ido zan kalli mutumin?"

A nan na fahimci abin da ya sa Kawu ya fi son a ce aljanu ne. Aljani ana korarsa a mako ɗaya jirgi bai tashi ba, ciwo kuwa sai an yi haƙuri da shi. Na ce masa ni ma ina yi wa ƙanena tofi safe da yamma, ba ni da faɗa da ayar Allah, amma ba wanda zai taɓa shi sai ina nan. Ya ce to, ya tafi yana kaɗa carbi.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ina sauke ruwa a wani gini a Suwaidi, Isuhu ya kira ni yana haki. Ya dawo ɗaukar wani abu ya tarar da ƙofa a kulle ta ciki, ana ihu. Ban san yadda na tuƙo wayit ɗin nan har Ulaisha ba. Da muka ɓalle ƙofar, zafi ne ya fara dukan fuskata, don sun kashe na'urar sanyi wai ƙararta na hana aljanu jin karatu. Kawu ne da wasu ƙarti biyu, da wani matashi mai ruƙiya ɗauke da 'yar lasifika, turarensa kamar zai shaƙe mutum. Sun jawo gorunan nan gaba ɗaya, sun danne Nazifi, sun sa shi yana kallo suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya suna tuttulewa a banɗaki. Wai a rushe wa 'yan ruwa gidansu.

Sanda na shiga sun sake shi. Na same shi durƙushe a ƙasan banɗaki, kusa da bakin masai, yana tattara ruwan da ya kwanta a tayil da tafin hannunsa yana ƙoƙarin mayarwa cikin gora. Ruwan da takalman mutum huɗu suka tattaka. Yana yi yana kuka da wata irin murya da ban san shi da ita ba, yana cewa, "Na Salim ne, kun zubar da na Salim."

Sai mai ruƙiyar nan ya juyo yana washe baki, ya ce, "Allahu akbar, kun ji ko? Ya faɗi sunansa da bakinsa. Salim ne sunan aljanin."

Na ɗauki lasifikarsa na jefa matakala. Na juya wajen Kawu na ce, "Kawu, don girman Allah ku fita."

"Ni kake kora, Sabi'u? Ni da na kawo ku ƙasar nan?"

"Ku fita, Kawu."

Suka fita, kuma a bakin ƙofa matashin nan bai ji kunyar tambayar wa zai biya shi ba. Kafin la'asar Inna ta kira daga Gumel tana kuka, an gaya mata na zagi ɗan'uwanta na hana a yi wa ɗanta magani. Ban iya yi mata bayani ba, don a lokacin ina zaune a jiƙaƙƙen tayil riƙe da kan Nazifi.

Daga ranar ya daina magana gaba ɗaya, ya daina ci. Ya kwanta ya juya wa bango fuska. In na miƙa masa ruwa sai ya rufe ido. Da na ga leɓensa ya fara baƙi na ce ba zan jira ranar da suka ba mu ba, muka ɗauke shi ni da Isuhu zuwa sashen gaggawa. Mun sha zama a benci tun safe har rana ta karkata, ana wuce mu da masu karaya da masu jini, don ciwon da ba a gani kullum shi ne na ƙarshe a layi. Aka sa masa ƙarin ruwa. Can aka kira wata likitar ƙwaƙwalwa, dattijuwa 'yar Sudan, ta ja kujera ta zauna. Ita ce mutum ta farko a duk yawon nan da ta tambaye ni tun daga farko, ta kuma saurara har na gama. Allah ya saka wa matar nan da alheri, duk inda take.

Da na kai wajen gorunan ta ajiye biro ta ce, "Zubarwa suka yi? A gabansa?" Sannan ta aiki wani ya kawo gora biyu, ta ɗora a gefen gadonsa, ba ta ce masa ya sha ba. Ta ce mini sunan ciwon sadma, wato irin girgizar da kan samu wanda ya daɗe cikin tashin hankali, kuma da baƙin ciki mai tsanani a kai. Maganarta da ta zauna mini ita ce: "Jikinsa ne ya sauka daga jirgin, shi bai sauka ba tukuna. Ku mayar masa da gorunansa. Shi zai ajiye su da kansa ranar da ya sauka."

Aka sallame mu da magunguna. Ga tsada, ga shi suna busar da baki, mutumin da ke tsoron shan ruwa an ba shi abin da ke sa ƙishi. Makonnin farko ya zama kamar buhu, inda ka ajiye shi nan za ka tarar da shi, yawu na zuba, ni nake goge masa jiki da jiƙaƙƙen tawul don har lokacin ba ya yarda da famfo. Akwai ranar da na fito daga ɗakin na zauna a matakala na ce Allah na gaji. Na gaji da wari, na gaji da wayar 'yan gida masu tambayar ko an samo wani malamin, na gaji da 'yan unguwa da suka fara tsallaka titi in sun hango mu. Waɗanda suka cika falo ranar Juma'ar nan, tunda aka ce ciwon kai ne ba aljanu ba, ko ɗaya bai sake takowa ba. Abin kallo ya ƙare. Isuhu ne kawai da mai baƙala, wato ɗan kantin ƙasan gidanmu, wani Bayamane da ya fara tara mana gorunan da babu komai a ciki ba tare da ya tambayi dalili ba.

Barinsa a gida shi kaɗai ya zama ba zai yiwu ba, ga tsoron ciwon ga tsoron Kawu. Na roƙi kafil ɗina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya bar ni in riƙa fita da shi a wayit, ya ce ma fi mushkila, babu damuwa, Allah ya ba shi lada. Ranar farko da na tayar da injin, ban kai ƙarshen layinmu ba na waiga na ga Nazifi ya jingina da ƙofa yana barci, baki buɗe, har da minshari. Tun da ya sauka ban ga ya yi irin wannan barcin ba. Na rasa ko dariya zan yi ko kuka, na yi ta zagaya unguwa don kada in kashe motar.

Ba a ce komai ya tafi daidai ba. Ran da na cika tankin wani gida a Badi'a ruwa ya tumbatsa ya malalo titi, sai da na rungume shi don jikinsa rawa yake kamar mai zazzaɓi. Amma kullum yana ganin in na juye tankar nan kaf, mu koma wurin ɗiba, ta sake cika. Yau ya gani, gobe ya gani. A hankali ya fara riƙe mini tiyo. Muna komawa wajen likita lokaci-lokaci, tana rage wannan magani tana ƙara wancan, tana kuma zama da shi su biyu ni ina waje.

Wata rana da azahar muna cin shinkafa a inuwar motar, ba tare da na tambaye shi ba ya ce, "Yaya, ka san Salim?" Na ce a'a. Ya ce shi ne kukun jirginsu, ɗan Bangaladash, dattijo, shi ya koya masa aikin, shi yake ja musu salla. Ya ce da aka hana su shiga tasha sai aka tsayar da su a inda suke hango gari da ido. Mai jirgin ya daina aiko da mai yadda ya kamata, injin ya riƙa mutuwa, in ya mutu na'urar tace ruwa ma ta mutu. Shi ya sa shiru ke firgita shi, don a jirgi shiru na nufin babu ruwa. Aka koma raba musu gora ɗaya a yini, sha da alwala da komai, ga ruwa ko'ina iya ganinka amma ba na sha ba. Sai zazzaɓi ya kama Salim. Kyaftin ya yi ta roƙo a sauke shi, kowace tasha ta ce a'a, ana tsoron korona ce. Nazifi ne ke karɓo masa gorarsa ya haɗa da rabin tasa. Har ya rasu.

"Ba su karɓi gawar ba ma, Yaya. A ɗakin sanyi aka sa shi, inda muke ajiye nama. Kuma ni nake shiga kullum da safe in ɗauko abin da za a dafa." Ya juya gorar da ke hannunsa. "Har yanzu in na cika ɗaya sai in ji ban karɓo tasa ba."

Wannan ne aljanin da Kawu da mai lasifika suka kama. Bawan Allah mai salla da ya mutu da ƙishi yana kallon gari.

Daga nan sauƙi ya fara shigowa, da kaɗan-kaɗan, wani makon a ci gaba wani makon a koma baya. Ya fara wanka da bokiti. Ya yarda ya yi magana da Rahama ta bidiyo, ya ga 'yarsa da aka haifa yana kan ruwa, har ta fara gudu tana ɓarna. Da aka kashe wayar ya daɗe yana kallon bango, sannan ya ce, "Kunnenta irin naka ne, Allah ya kyauta mata." Wannan ce tsokanar farko da ya yi mini tun dawowarsa, na ji kamar an ba ni kyautar mota. Gorunan ƙarƙashin gado suka ragu da kansu, ban taɓa ƙirgawa ba, ban taɓa taɓawa ba. Amma guda ɗaya ba ta rabuwa da shi, ko masallaci za shi tana cikin aljihun jallabiya.

Ana nan sai ga Kawu Mamuda da sallama, kamar babu abin da ya taɓa faruwa, har da ledar lemo. Ya kalli Nazifi ya ga ya yi ƙiba ya yi aski, ya ce, "Ma sha Allah, kun gani? Ruƙiyar nan ce ta yi aiki a hankali." Sannan ya fito da abin da ya kawo shi: mandub ya ce jirgi zai tashi bayan salla, a shirya. Ya ƙara da cewa ginin da Nazifi ya fara a Gumel ya tsaya a linta, mutanen gida sun zuba ido.

Na buɗe baki zan yi magana, Nazifi ya dafa gwiwata.

"Kawu, na gode da ɗawainiya. Ba zan koma ba."

"Kai, ka san abin da kake faɗa? Dala fa ake biyanka."

"Ba zan koma ba, Kawu."

Kawu ya hau kaɗa ƙafa. Na zaci zai yi faɗa, ko ya tambayi yaron me ya gani a can, ko sau ɗaya. Sai ya juyo wajena ya ce, "To shi ke nan. Autanku fa, ba ya gama sakandare ba? Kada gurbin ya tafi a banza." Wallahi tashi na yi na shiga banɗaki. Da na fito ya tafi, kuma ledar lemonsa ma ya tafi da ita.

Saboda haka nake cewa duk mai ɗan'uwa a jirgin ruwa, in saƙonsa ya fara gajarta kada ka yarda da "lafiya lau". In ya dawo da wata ɗabi'a da ba ka gane ba, tambaye shi kafin ka tara masa jama'a. Ka yi masa addu'a ka kuma kai shi asibiti, ka jure layin da wulaƙancin, akwai na kirki a ciki. Kuma kada ka raba shi da abin da ya riƙe.

Kamfanin ya buga masa takardar barin ƙasar ta dindindin da saurin da ban taɓa ganin sun yi wani abu da shi ba, haƙƙinsa kuwa har yau muna kan bukura. Likita ta rubuta masa magungunan da zai ci gaba da sha da inda zai riƙa zuwa a gida. Amma ni tun da aka yanki tikiti abu ɗaya ke cina a rai. Na san ba a wucewa wajen bincike da ruwa a filin jirgin sama. Na yi ta hango wani jami'i ya fizge gorar nan ya jefa a shara, ƙanena ya zube a ƙasa a gaban mutane, ni kuma ina wannan ɓangaren ba ni da ikon shiga. Na kasa gaya masa, na kasa barin tunanin.

Ranar tafiya muka raka shi ni da Isuhu. Aka auna kaya, muka taka har inda masu rakiya ke tsayawa. Ina ganin tudun gorar a aljihunsa. Ya rungumi Isuhu, ya rungume ni, wannan karon da hannu biyu. Har ya juya zai shiga layi sai ya tsaya, ya zaro gorar, ya buɗe. Bai zuba a murfi ba. Ya kafa kai ya sha kamar kowa, har ruwan na bin gemunsa, sannan ya miƙo mini sauran.

"Riƙe, Yaya. In ka ga dama ka sha, in ka ga dama ka zubar. Akwai wani a gaba."

Ya shiga layi hannunsa babu komai sai fasfo, bai waiwayo ba.